Turbo da Ƙafar Sodangi

A farkon shekarar 1983, motar Sodangi ta kasa hawa Tudun Rairai sau uku cikin mako guda.

Tudun ba dutse ba ne. Hawa ne na yashi mai laushi, bai fi taku ɗari biyu ba, tsakanin fadamar Danchadi da hanyar da ke fita Bodinga. Duk albasar da aka noma a fadamar, ta nan take bi. Shekara goma sha huɗu Sodangi ne ke fitar da ita. Motoci biyu ya kashe a kan aikin, wannan ce ta uku: a-kori-kura Fijo mai shan gas, wadda ya sayo ta hannu daga ƙetaren iyaka. A da yakan raba kaya sawu biyu. Da gas ya yi wuyar samu, sai ya koma ɗora kayan sawu biyu a sawu ɗaya.

A karo na uku motar ta kai tsakiyar tudun, ta yi tari, ta tsaya tana zubar da baƙin hayaƙi. Ba nutsewa ta yi ba. Ƙarfi ne babu. Manoma suka sauke rabin buhunan suka hau da su a ka.

Na'Allah, shugaban manoman albasa, yana tsaye a saman tudun. Taubashin Sodangi ne, ɗan gwaggonsa, tun suna yara ba sa raga wa juna.

"Wane, jakagga taka ta ƙarhe ta tsuhwa," in ji Na'Allah. "Ko ku biyu na kunka tsuhwa tare?"

"Kai da ko keke ba ka iya ba."

"Ban iya ba. Amma na iya raƙumi, shi kuwa bai tari bisa tudu."

Manoma suka yi dariya. Na'Allah ya jira suka yi nisa, sannan ya sauko ya dafa ƙofar motar.

"Wagga albasar masu gaggawa ta. Sati uku nan gaba za a hwara cirar gaske. Mutane sun yi magana, Sodangi. Surajo na Shagari yana da babbar mota, ya ce a kai mishi kaya bakin hanya bisa raƙuma, shi kwashe. Na ce su dakata. Sati uku nir roƙa maka. In ranar ta zo motarka ba ta hawa da cikakken kaya, ba ni da bakin tare su."

Sodangi ya haura shekara sittin. Ba shi da ko taki ɗaya a fadama. Jigilar nan ita ce gonarsa.

Washegari ya kai motar Bodinga, wurin Maniru bakanike. Maniru ya yi shekara bakwai yana gyaran manyan injina a wani kamfanin gina hanya. Da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, kamfanin ya tattara ya tafi, shi kuma ya dawo gida ya kafa rumfa a ƙarƙashin dogon yaro. Ya saurari injin, ya kwance nozul mai fesa gas ya duba, ya sa hannu a bakin salansa ya shinshina.

"Baba, injinka bai mutu ba. Numfashi ne bai ishe shi ba. Kana ba shi gas, ba shi da iskar da zai ƙona shi. Shi ne baƙin hayaƙin."

"To a samo babban inji."

"A ina? Jirgi bai sauke inji ba tun bara. Wanda ke da shi ya ɓoye ƙarƙashin gado." Maniru ya goge hannunsa da tsumma. "Akwai wata hanya. A sa mata turbo."

"Mi ne shi?"

"Ka san zugazugin maƙera? Gawayi ɗaya, wuta ɗaya, amma in aka zuga sai ƙarfe ya yi ja. To ita turbo zugazugi ce. Hayaƙin da mota ke zubarwa shi ke juya wata 'yar farfela, farfelar ta tura iska cikin inji."

Sodangi ya dubi bakin salansar.

"Wato da tusarta za ta hura ma kanta wuta."

"Haka nan ne, Baba."

"Allah Mai iko. Ina a ka samunta?"

A Shagari ake samunta, wurin Ɗanliti mai tsofaffin kayan mota. Suka tafi ranar kasuwa. Rumfar Ɗanliti na bayan tasha, kaya jibge har rufi, yawancinsu daga gawar motoci ne da injinan da kamfanoni suka watsar a daji. Da ya ji abin da suke nema, sai ya shiga ciki ya fito da abu biyu ya ajiye a kan tabarma. Duka biyun siffar katantanwa gare su. Ɗaya ta kai girman tukunyar miya, fentinta rawaya bai ko goge ba. Ɗayar ba ta fi ƙwaryar fura ba, ta yi tsatsa.

"Babbar daga tifar kamfani nic cire ta," in ji Ɗanliti. "Wata shida kaɗai ta yi aiki. Amarya ta. Ƙaramar kuwa, wata motar gida ta Faransa ta, tac ci karo da saniya can ƙetare. Bazawara ta, ba ni ɓoye muku."

Sodangi ya ɗaga babbar da hannu biyu, ya jinjina nauyinta kamar mai zaɓen ragon layya. Ƙaramar ko kallo bai yi mata ba.

"Wagga mu ka so."

Maniru ya matso. Ya tsuguna, ya zura yatsa a bakin babbar, ya kama tsinken da farfela ke kai ya girgiza. Bai motsa ba. Ya yi wa ƙaramar haka. Ta ɗan motsa, kamar haƙorin da bai kai ga fita ba. Ya ɗaga ta ya saita rana, ya duba fukafukan farfelar ɗaya bayan ɗaya, ya hura ta ta juya, ya saurara.

"Babbar ta fi lafiya," ya ce. "Ƙaramar za mu ɗauka."

"Kai ɗan nan, ka ji abin da kac ce kuwa?"

"Na ji, Baba."

"Ga mai lahiya mai ƙiba, ga ramamma mai tsatsa, kac ce ramamma. Ɗanliti, haka a ka koya musu wurin Nasara?"

"Ni dai mai sayarwa na, Baba Sodangi. In kun so ku ɗauki duka biyu, a yi kishi."

"Baba, saurara," in ji Maniru. "Babbar nan an yi ta ne don injin da ya ninka naka sau huɗu. Hayaƙin motarka ba zai juya ta ba sai kana gudu bisa kwalta. Kana cikin rairai a giya ta ɗaya, ita tana barci. Ran da ta farka kuma, iskar da za ta tura sai ta ɗaga kan injin. Zugazugin babbar maƙera ne a murhun mai shayi. Ƙaramar kuwa 'yar gidan injinka ce. Kana taɓa totur ta tashi. A tudu kake son ƙarfi, ba a hanyar Jega ba."

Sodangi ya ajiye babbar, amma hannunsa na kanta.

"In ta kasa hwa?"

"In ta kasa, ka zo ka kwashe sifanonina."

Daga nan aka shiga abin da ya cinye yinin. Maniru ya ce turbo ba ta tafiya ita kaɗai. Yana son bututun hayaƙin da take zama a kai, na motar da aka ciro ta. Yana son bututun mai guda biyu, mai kawo baƙin mai da mai mayar da shi. Ɗanliti ya ce sun ɓace, kuma ai kowane tiyo zai yi.

"Tiyon roba a jikin abin da ke yin ja don zafi? Zazzage buhun can."

"Buhun can ƙusoshi na."

"Zazzage."

A buhu na uku aka same su, naɗe cikin tsohuwar riga. Ɗanliti ya rantse bai san suna nan ba. Maniru ya ƙara da sabon gaskit na kan inji, da lagireto mai kauri na wata ƙaramar lori, don inji mai turbo ya fi ɗaukar zafi. Sannan ya nuna wata babbar gwangwani mai rawayan fenti a saman kaya.

"Matatar iskar tifar ce wancan? Sauko da ita. Baba, ga babba ka samu. Ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga farfelar nan, ta gama da ita. A nan ne girma ke da amfani."

Sodangi ya karɓi gwangwanin ya rungume. Ya ɗan huce.

Matatar baƙin mai ce ba a samu ba. Shagari garin Shugaban Ƙasa ne, amma kayan mota ba su san haka ba. Sai da Maniru ya yi kwana biyu yana zaga Sakkwato kafin ya samo guda ɗaya, da galan na sabon mai. Sodangi ya ce tsohon man bai yi komai ba, a tace shi da ƙyalle kamar yadda aka saba. Maniru ya kwance ƙusar tukunyar mai, ya bar shi ya tsiyaye a kwano, ya ba mai gyaran keke.

Aikin ya ci kwana tara. Mai walda ya yanka ƙarfe ya yi wa matatar iska mazauni. Aka huda tukunyar mai aka dasa bututun dawowa. Maniru ya buɗe famfon gas ya ƙara masa kaɗan, ya rufe, ya sa ɗigon fenti a kan notin don ya gane in an taɓa. Sodangi yana zaune a kan tsohuwar taya tun safe har la'asar, yana ba da shawarar da ba a ɗauka.

Ranar da aka gama, Maniru ya riƙe makullin bai miƙa ba.

"Abu ɗaya, Baba. Farfelar nan a kan mai take yawo, kamar kwalekwale bisa ruwa. Inji ne ke turo man. In ka kashe inji, mai ya tsaya, ita kuwa ba ta tsaya ba, tana ta juyi a bushe da zafinta. Saboda haka in za ka kashe mota, ɗauke ƙafarka, ka bar ta tana aiki a hankali minti biyu. Kada ka taka totur ka kashe. Ko sau ɗaya."

"Na jiya."

"Ko sau ɗaya, Baba."

"Ba a haihe ka ba ni ka tuƙi. Kawo makulli."

Saura kwana biyu wa'adin Na'Allah ya cika aka loda mata cikakken kaya a gindin Tudun Rairai. Manoma suka bar aiki suka taru. Sodangi ya sa giya ta ɗaya ya taka. Motar ta shiga yashin, ta yi nishi inda ta saba yin tari, sai wani siririn fito ya taso daga ƙarƙashin bonet. Ta ja. Ta wuce tsakiyar tudun, ta wuce inda buhuna suka saba sauka, ta fito sama tayoyinta na watsa rairai. Hayaƙin da ta bari bai kai na murhu ba.

"La ilaha illallahu!" in ji Na'Allah. "Tsohuwa ta koyi hito! Wane, kai ma a sa maka irinta mana, ko matarka Khadijatu ta huta da tarinka."

"Sai an gwada ta bisa raƙuminka."

Aka fara cira. Aikin ya zauna a hannun Sodangi.

Direbobin zamaninsa suna da wata al'ada. Iyayen gidansu na motocin En'e suka koya musu ita: ba a kwantar da mota da yunwa. Kafin ka kashe, sai ka taka totur sau uku, ka murɗe makulli tana tsakiyar ruri na uku. Wai batir ya kwana cike, mai ya kwana a sama. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, babu wanda ya taɓa tambaya. Wanda ya kashe mota shiru, ana cewa bai yi ubangida ba. Sodangi ya yi shekara talatin da takwas yana yin haka. A gidansa rurin nan uku shi ne sallamarsa. Da matarsa Khadijatu ta ji, sai ta zuba ruwan wanka.

Ranar farko da ya iso ƙofar gida, yana ta tunanin fuskar Na'Allah a saman tudu. Bai san lokacin da ya taka totur sau uku ya murɗe makulli ba. Sai da injin ya mutu ya ji wani siririn sauti yana ci gaba a ƙarƙashin bonet, yana raguwa, yana raguwa, har ya ɗauke. Ya zauna hannunsa a kan makullin.

"Sau ɗaya na," ya ce wa kansa.

Washegari a fadama ya tuna. A tashar Bodinga yana gaisawa da wani ta taga, ƙafar ta yi abinta. Yakan tsaya sau takwas ko goma a rana. Wani lokaci ya kama ta a taki na farko ya janye. Wani lokaci sai sautin nan ya gaya masa. Motar tana hawa tudu lafiya, kaya na fita, 'yan kasuwar kudu na loda manyan motocinsu a Bodinga. Bai gaya wa Maniru ba.

A rana ta goma sha ɗaya fiton ya koma kamar ana goga wuƙa a dutse. Hayaƙi ya fito fari-shuɗi, mai ƙaurin mai. Sodangi ya sauke kaya a Bodinga, ya lallaɓa da ita zuwa dogon yaron Maniru.

Maniru ya jira ta huce, ya kwance turbon ya ɗora a benci. Ya girgiza tsinken. Ya yi ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Ya buɗe cikin. Tsinken ya yi shuɗi don ƙuna, zoben tagullar da yake juyi a ciki ya cinye. Ya duba ɗigon fentin da ke kan famfo, yana nan. Ya duba matatar iska, tsaf take. Ya zaro ma'aunin mai ya murza a yatsa.

"Sau nawa, Baba?"

Sodangi ya dubi ƙasa.

"Ban ƙidaya ba."

Maniru ya ajiye sifana. Ya ɗauki tsumma yana goge hannu. Da ya yi faɗa da ya fi sauƙi.

"Ba da gangan na ba, Maniru. Wallahi ina tune da maganarka. Kaina ya jiya. Ƙahwar ta ba ta jiya ba."

"Na sani."

"A ɗauko babbar wurin Ɗanliti."

"A'a."

"Kwana ashirin kaɗai ni ka so ta yi mini."

"Ba za ta yi maka ko hawa ɗaya ba. Ka rasa turbo, kada ka rasa inji." Maniru ya juya tsinken a hasken rana. "Akwai wani mai injin sassaƙa ƙarfe a Sakkwato. Zai iya goge tsinken nan, ya yanka masa sabon zobe daidai shi. Amma sau ɗaya tsinken zai ɗauki guga. In ya sake ƙonewa, babu sauran abin gogewa, kuma babu wata ƙarama daga nan har iyaka."

"Kwana nawa?"

"Shida, in akwai wutar lantarki."

Sodangi ya koma Danchadi a motar haya, a kujerar baya. Khadijatu tana tankaɗe ya shigo.

"Malam! Ka ba ni tsoro. Ina motar?"

"Tana asibiti."

Ta dube shi, ta ajiye rariya, ta tafi ɗora ruwa.

Na'Allah ya zo bayan la'asar. Ya zauna a zaure, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Bai yi wasa ba.

"Albasa tana ƙasa cikin rana, 'yan kudu suna Bodinga suna jira. Ba su jiran kwana shida. Na aika ma Surajo. Gobe raƙuma za su hwara."

"Ka yi daidai."

"Ban zo neman ka ce na yi daidai ba. Saurara. Gabashin hwadama kusa yake da tudu, raƙuma na iya mishi. Na ba Surajo shi, kuma magana ta ƙare, bana ba ya dawowa. Yammaci kuwa nisa gare shi, raƙumi sai shi yi rabin yini bisa sawu ɗaya. Na ce ma mutanen yamma su jinkirta cira. Sun ba ni zuwa Jumma'a ta sama. In ka dawo, naka na. In ba ka dawo ba, shi ma ya tahi."

"Baɗi hwa?"

"Ka bari mu ga Jumma'a tukuna."

Ya tashi ya sa hularsa. A bakin ƙofa ya tsaya.

"An ce ƙahwarka ta yi ɓarnar."

"Wa yag gaya maka?"

"Bodinga duka ta sani. Ni da na ɗauka bakinka na kaɗai bai jin magana."

Wutar lantarki ta ɗauke kwana biyu a Sakkwato. Turbon ta dawo ranar Laraba da hantsi. Maniru ya ɗaura ta, ya cika bututun da mai kafin ya tayar, ya saurara. Fiton ya dawo, ya ɗan fi na da kauri. Ya kashe, ya zagaya ya shiga kujerar fasinja.

"Ba zan bar maka ita ba sai na ga yadda kake kashewa. Mu je."

Suka zaga bayan kasuwa suka dawo. Sodangi ya tsaya a gindin dogon yaro, ya cire giya, yana cewa a ransa kada, kada. Hannunsa ya nufi makulli, ƙafar ta nutsa. Injin ya yi ruri. Maniru ya cafke hannun kafin ya kai.

Suka sake zagawa. A karo na biyu ya yi daidai. A na uku wani mai goro ya ɗaga masa hannu, ya amsa, ƙafar ta nutsa.

Suka zauna injin na aiki a hankali. Gumi ya jiƙa wuyan rigar Sodangi.

"Baba, ko a samo wanda zai riƙa tuƙa maka. Kai ka zauna nan inda nake."

"In zauna awa buhu? Gara raƙuma su ɗauka."

"To ban san abin da zan yi maka ba. Ƙarfe na iya gyarawa."

Sodangi ya daɗe yana kallon ƙafarsa ta dama, tana kwance kusa da totur cikin tsohon takalmin fata, kamar ba ita ba.

"Tun da ba ta jin magana," ya ce, "sai a hid da ita waje."

Ya ja birkin hannu. Ya buɗe ƙofa, ya juya jikinsa gaba ɗaya, ya sauke ƙafafunsa biyu a ƙasa, ya ba Maniru baya. Injin na ta aiki a bayansa.

"Minti biyunga naka, nawa na? Ba ni da agogo."

"Ni ina da shi. Zan gaya maka."

"Kai za ka bi ni hwadama?"

Ya laluba aljihu ya zaro carbi. Ya fara ja, a hankali, leɓɓansa na motsi. Maniru yana duban agogon hannunsa. Da ƙwaya ta tasa'in da tara ta wuce, Sodangi ya tambaya ba tare da ya waiwayo ba.

"Ya cika?"

"Saura kaɗan."

"To in ƙara da salati goma."

Ya ƙara. Sannan ya miƙa hannu ta baya, ƙafafunsa na ƙasa, ya lalubo makulli ya murɗe. Injin ya mutu. Babu wani sauti da ya biyo baya.

Sai da suka yi haka sau bakwai a wurare dabam-dabam, har da gaban mai goron, kafin Maniru ya sauka.

Ranar Alhamis da safe Sodangi ya shiga yammacin fadama. Ya yi lodi, ya zo Tudun Rairai ya tarar da jerin raƙuma goma sha ɗaya suna hawa da albasar gabas. Ya jira suka gama. Sannan ya sa giya ta ɗaya ya hau.

A tashar Bodinga ya tsaya, ya buɗe ƙofa, ya sauke ƙafafu, ya zaro carbi. Direbobin da ke zaune a benci suka miƙe don su gani da kyau.

"Jama'a, ku taho! Sodangi ya tuba!"

"Baba, a sa mu cikin addu'a!"

"Mota a ka yi ma tohi ko mai motar?"

"Ubangidanka na kabari yana kuka, ka kwantar da mota da yunwa!"

Bai ɗaga kai ba. Na'Allah, wanda ya zo sallamar 'yan kudu, ya ratso ta cikinsu ya tsaya a gabansa zai yi magana. Sodangi ya ɗaga masa yatsa ɗaya. Na'Allah ya jira har aka gama salati, aka murɗe makulli.

"Shekara sittin ina yi maka wa'azi," in ji Na'Allah, "ashe ƙarhe ka ka jira."

"Mi ne labari?"

"Mutum biyu na gabas sun same ni, sun ce raƙuma na murje musu albasa, a mai da su wurinka. Na ce a'a. Na ba Surajo magana."

"Ka yi daidai."

"Na hana ka cewa hakanga. Yamma sawu nawa ta rage?"

"Arba'in, ko da ɗoriya."

"Za ta kai?"

Sodangi ya dafa bonet da tafin hannunsa, ya ɗauke don zafi.

"In na kai, ta kai."

Ya fitar da albasar yamma duka kafin ruwan farko. Ta gabas ba ta dawo hannunsa ba, a wannan shekarar ko wadda ta biyo.